Wa ke tambayar gwamnati in ta ƙulla da ƙasashen waje?

Wani ƙanenmu ɗalibin jami'a daga Garin Malam nan Damagaram ya turo tambaya, wai gardama ce ta kaure a fadarsu. Wasu na cewa depitoci ba su da ta cewa ko kaɗan a kan hulɗar ƙasa da ƙasashen waje, shugaban ƙasa ne da wuƙa da nama, wasu na cewa a'a sai majalisa ta yarda. Sannan ya ce ya ji wai har gobe Faransa da Ingila na riƙe da wasu ƙasashe can cikin teku, toh su kuma wa ke sa ido a kan yadda ake mulkinsu?

Toh ƙanena, dokar tsarin mulki ita na karanta ita na koyar, kuma gaskiya ɓangarorin fadarku kowa ya kama wani abu. A rubuce kusan kowace ƙasa ta ba majalisa iko a nan. A aikace kuma harkar waje nan ne majalisa ta fi rauni, a Yamai haka, a Paris haka, Landan da Washinton ma haka suke fama. Gwamnati ce ke da ambasadoji, ita ke riƙe da asirin soja, ita ke kulle ƙofa ta zauna da baƙi, shi depite sai abin da aka ga dama aka nuna mishi. Shi ya sa ni in zan auna majalisa ba na tsayawa ga abin da kundi ya ce, ina duba yaushe ake tambayarta, kafin a yi ko bayan an gama, sau ɗaya ne ko ana komowa, kuma takardar da aka sa ma hannu an aje ta gabanta ko labarinta kawai aka ba ta.

Mu fara da Faransa tunda yawancin dokokinmu daga can aka kwafo su. Kundin 1958 na Janar de Gaulle ya ce shugaban ƙasa ke tattauna yarjejeniya shi ke tabbatar da ita, amma wasu iri sai majalisa ta yi doka tukuna, irin su ta zaman lafiya, ta kasuwanci, wadda za ta ci kuɗin baitulmali, da wadda za a ba da wani yankin ƙasa ko a karɓa. Ya kuma ce shelanta yaƙi sai da izinin majalisa. Ka ji kamar an ɗaure gwamnati tamau ko? Toh tun 1958 ɗin Faransa ba ta taɓa shelanta yaƙi ba, tura soja kawai take yi ta ce aiki ne a waje. Kolwezi a 1978, Cadi, Ruwanda a 1990, Kodibuwa a 2002, duk daga fadar shugaban ƙasa umarni ya fito. Harkar Afirka ma musamman daga 1960 zuwa 1974 a ofis ɗin Jacques Foccart take, mutumin da ba wanda ya zaɓe shi ga wannan aiki kuma ba ya zuwa gaban depitoci ya amsa tambaya.

Sai a 2008 suka gyara aya ta 35. Yanzu in gwamnati ta tura soja waje dole ta sanar da majalisa cikin kwana 3 da farawa, ana iya muhawara amma ba ƙuri'a, in kuma aikin zai wuce wata 4 sai majalisa ta ba da izini. Don ka gane yadda abin yake kafin nan, sojan Faransa sun sauka Cadi a Fabrairu 1986, ƙuri'ar farko da depitoci suka kaɗa a kan zamansu can sai Janairu 2009, shekara 23 kenan. Kuma gyaran kanshi yana da ƙofar baya, izinin sau ɗaya ake ba da shi, ba wa'adi. Serval, aikin sojan Faransa, ta fara a Mali 11 ga Janairu 2013, majalisa ta amince da tsawaita ta 22 ga Afrilu, a Agusta 2014 aka canza mata suna ta koma Barkhane ta bazu ƙasashe 5 har da tamu, ta kai soja sama da 5,000 a 2020, aka rufe ta Nuwamba 2022, duk tsawon nan ba a sake kiran depitoci su kaɗa wata ƙuri'ar izini ba, gwamnati ta ce ai ci gaban wadda aka riga aka amince ne.

Jamus ita ce ta bambanta, kuma ina so ka lura da ita don sojojinsu sun zauna nan ƙasar. Kotun tsarin mulkinsu ta yanke a 1994 cewa ba a tura soja da makami waje sai majalisar Bundestag ta yarda, aka mai da shi cikakkiyar doka a 2005. Takardar izinin tana faɗin ina za a je, soja nawa iyaka, kuɗi nawa, har zuwa yaushe, yawanci shekara ɗaya, in ta cika minista ya dawo ya sake roƙo. A Afrilu 2023 ma sai da suka kaɗa ƙuri'a a kan turo soja da ba su wuce 60 ba Nijar cikin shirin Tarayyar Turai. Mutum 60 fa. Wannan ne nake kira sa ido, tunda kowace shekara akwai ranar da gwamnati ta san za a tambaye ta me aka samu.

Yanzu mu dawo gida. Ranar 24 ga Afrilu 1961 Nijar da Kodibuwa da Dahomey sun sa hannu a yarjejeniyar tsaro da Faransa, da wani rataye a bayanta kan ma'adanai irin su man fetur da uraniyom wanda ya ba Faransa fifiko. A lokacin akwai majalisa a Yamai, Boubou Hama ke shugabantarta, amma an riga an haramta jam'iyyar adawa ta Sawaba tun 1959, jam'iyya ɗaya ce a zauren, wa zai tashi ya ce a karanta mana ratayen nan? Kundin jamhuriya ta 7 na 25 ga Nuwamba 2010 kuwa ya fito ɓaro ɓaro, aya ta 169 ta ce yarjejeniyar tsaro da ta zaman lafiya, da wadda ta shafi ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, da wadda ke canza dokar cikin gida, da wadda ke ɗora ma ƙasa nauyin kuɗi, ba a tabbatar da su sai bayan doka ta ba da izini. Tura soja waje ma sai da majalisa, kuma an yi aiki da wannan, bayan Boko Haram sun kai hari Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairu 2015, ranar 9 ga wata depitoci suka amince baki ɗaya a tura soja cikin Najeriya. A lokacin akwai kwamisiyon harkokin waje, akwai na tsaro, depite na iya rubuta ma minista tambaya ko a kira shi zaure ya yi bayani, ana iya kafa kwamitin bincike, ga kuma ƙuri'ar yankan ƙauna, ga bujen shekara wanda kuɗin ambasad da na soja duk cikinshi suke. Kayan aiki dai akwai.

Amma dubi yadda manyan abubuwa biyu suka wuce. Na farko zaman sojan Amurka. Sansanin jirage marasa matuƙi na Agadas ya ci sama da dala miliyan 100, kuma da sojojin CNSP da suka karɓi mulki a 2023 suka soke yarjejeniyar ranar 16 ga Maris 2024 hujjarsu ita ce tushenta wata wasiƙar diflomasiyya ce ta 6 ga Yuli 2012 wadda ba ta bi ta majalisa ba. Na biyu ƙuri'ar 22 ga Afrilu 2022, lokacin da sojan Faransa da na Turai ke barin Mali ana so su dawo nan. Mutane da yawa suna cewa ai majalisa ta amince, 131 da 31, kuma haka ne. Sai dai abin da aka kawo zauren ba takardun yarjejeniyar ba ne a karanta aya bayan aya, faraminista Ouhoumoudou Mahamadou jawabin manufofin gwamnatinshi ya yi ma gyara ya ɗora ƙuri'ar amincewa a kai, ma'ana in ka ce a'a gwamnatin jam'iyyarka ka kayar. Wane depiten masu rinjaye zai yi haka? 'Yan adawa sun yi ta kukan cewa an zagaye aya ta 169. Ni a ganina na malami wannan dabara ce da gwamnatoci da yawa ke yi, a haɗa tambayar waje da rayuwar gwamnati don kar kowa ya iya ware ta.

Akwai wata ƙaramar hanya ma da ba a cika maganarta a fada ba alhali ta nan kuɗi ke bi. Lokacin da akwai majalisa, kafin depitoci su tafi hutu tsakanin zama da zama sukan yi doka su ba gwamnati izinin tabbatar da yarjejeniyoyin bashi ta hanyar ordonans, wato dokar da gwamnati ke fitarwa da kanta, in sun dawo sai a jero su a amince. Bashin hanya, na wuta, na madatsar ruwa, miliyar kan miliyar na sefa da kai da 'ya'yanka za ku biya. Kamar a kira waliyyi ne bayan an shafa fatiha an watse.

Halin da ake ciki yanzu ka san shi, tun 26 ga Yuli 2023 an dakatar da kundin 2010 an rusa majalisa. Soke yarjejeniyoyin soja da Faransa ranar 3 ga Agusta 2023, kafa AES, ƙawancenmu da Mali da Burkina, ranar 16 ga Satumba, soke dokar 2015 ta safarar baƙin haure wadda ta durƙusar da direbobin Agadas, fita daga CEDEAO, zuwan masu horarwa na Rasha a 2024, duk hukumar soja ce ta yanke. Majalisar da aka kafa a 2025 ta ba da shawara ce kuma naɗa membobinta aka yi. Ba siyasa nake ba, kowa da ra'ayinshi kan ko matakan sun yi daidai kuma jama'a da yawa sun fito sun goyi baya, ni dai a fannin doka nake gaya maka, hujjar da aka kafa ma Amurka cewa ba a tambayi wakilan jama'a ba hujja ce mai ƙarfi, kuma ma'aunin nan ɗaya ne ga duk wanda za a ƙulla da shi gobe.

Kar kuma ka ɗauka Amurkawan su sun fi mu sani. Dokarsu ta 1973 ta ce shugaban ƙasa ya sanar da majalisa cikin awa 48 in ya tura soja fagen faɗa, ya janye su cikin kwana 60 in ba a ba shi izini ba. Obama ya rubuta ma majalisa tun Fabrairu 2013 cewa ya turo soja kamar 100 Nijar. Amma da aka kashe sojan Amurka 4 tare da namu a Tongo Tongo ranar 4 ga Oktoba 2017, sai ga Sanata Lindsey Graham, wanda a lokacin ke cikin kwamitin harkokin soja, a tele yana cewa shi bai san suna da soja masu yawa haka a Nijar ba. Takarda ta zo, mai karantawa ne babu. Da Sanata Rand Paul ya nemi a janye su a Oktoba 2023 kuwa aka kayar da shi 86 da 11.

Inda mu 'yan Damagaram muka ga amfanin majalisa da idonmu, a Abuja ne. Ka tuna farkon Agusta 2023, an rufe iyaka daga Magarya har Matamaye, an yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, CEDEAO ta ba da wa'adin mako ɗaya ana maganar soja. Tinubu ya rubuta ma majalisar dattawa, sanatocin arewa suka fito suka ce su ba su yarda a ɗauki makami a kan 'yan'uwansu ba, ranar 5 ga wata majalisar ta ce a bi hanyar siyasa da sulhu. Ba ita kaɗai ta hana ba, malamai da sarakuna sun yi nasu, amma kundin Najeriya ya ce tura soja yaƙi waje sai da yardar dattawa, kuma sanatan da mazaɓarshi ke Daura ko Maigatari ya san wa zai mutu in an fara. An tambaye su kafin a yi, shi ya sa maganarsu ta yi nauyi.

Ingila kuma tsarinta daban ne kuma ita ce ta fi shafar rabin tambayarka na biyu. Ikon yaƙi da na yarjejeniya a can asali na sarauta ne, faraminista ke amfani da shi da sunan sarki. Tun 1979 majalisar wakilai ke da kwamitin harkokin waje mai mutum 11 daga jam'iyyu daban daban, tun 2010 ma zauren ne gaba ɗaya ke zaɓen shugabanshi ba shugabannin jam'iyya ba. Aikinshi ya kira ministan waje, ambasadoji, masana, ya yi musu tambayoyi a fili ana ɗauka a kamara, ya fitar da rahoto, gwamnati ta ba da amsa a rubuce cikin wata 2. Ba ya iya hana komi. Dubi Libiya, a Maris 2011 depitoci 557 suka goyi bayan kai hari, 13 kacal suka ƙi. Satumba 2016 kwamitin nan ya fitar da rahoto ya ce an shiga yaƙin kan bayanan da ba a tantance ba, ba a yi shirin abin da zai biyo bayan Gaddafi ba, kuma alhakin ƙarshe na kan faraministan lokacin David Cameron, alhali shugaban kwamitin ɗan jam'iyyar Cameron ɗin ne. Rahoton ya yi ƙarfin hali na yaba mishi, amma kafin ya fito makaman Libiya sun riga sun cika Sahel, arewacin Mali ta faɗi a 2012, an kai hari Agadas da Arlit a Mayu 2013, dubban 'yan cirani namu na Tanut da Gure da sauransu sun dawo hannu rabbana. Ihu bayan hari kenan.

Sau ɗaya dai sun taka birki da gaske, 29 ga Agusta 2013 Cameron ya nemi goyon baya a kan kai hari Siriya aka kayar da shi 285 da 272, ya haƙura. Amma al'ada ce ba doka ba, a Afrilu 2018 faraminista Theresa May ta kai harin ba ta tambayi kowa ba. Yarjejeniya kuma dokar 2010 ta ce a aje ta gaban majalisa kwana 21 na zama kafin a tabbatar, sai dai gwamnati ce ke tsara lokacin muhawara, kuma in ta kira takardar "fahimtar juna" maimakon yarjejeniya ba ta shiga wannan doka. Haka suka yi da shirin kai masu neman mafaka Ruwanda a Afrilu 2022. Kaga irin ƙofar da wasiƙar 2012 ta bi a nan ce, kowace gwamnati ta san ta.

Toh batun ƙasashen cikin teku. Kafin in lissafa maka su ka tuna mu ma an taɓa kiran mu yankin Faransa na ƙetare, kuma garin nan Damagaram da kake zaune shi ne babban birnin yankin daga 1911 zuwa 1926 kafin a mai da shi Yamai. Yadda aka ci Damagaram ma darasi ne a kan sa idon majalisa. Rundunar Faransa ta kaftin Voulet da kaftin Chanoine ta taso daga yamma a 1899 tana ƙona garuruwa, Lugu, Birnin Ƙonni, ana kashe mata da yara, labari ya kai Paris ta wasiƙar wani hafsa, gwamnati ta turo Kanar Klobb ya karɓi ragama, Voulet ya sa aka harbe shi 14 ga Yuli kusa da Tasawa, kwana biyu uku bayan nan sojojinsu baƙaƙe suka kashe kaftin ɗin biyu. Ragowar rundunar ce ta yi karo da dakarun Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini ta shiga Birnin Damagaram ƙarshen watan. A ƙarshen 1900 wani depite, Paul Vigné d'Octon, ya tashi a majalisar Faransa ya nemi a kafa kwamitin bincike, aka ƙi. Binciken ma'aikatar mulkin mallaka aka rufe shi a 1902 da cewa zafin rana ne ya taɓa musu hankali. Uban Chanoine janar ne tsohon ministan yaƙi, kuma abin da ya fi girgiza Paris kisan Klobb ne, mutanen Ƙonni ba su da ko kujera ɗaya a zauren.

Kujerar ta zo a 1946 lokacin da Nijar ta zama yankin Faransa na ƙetare. Diori Hamani ya shiga majalisar Paris a Nuwamba 1946, daga baya Georges Condat da Zodi Ikhia, Diori har mataimakin shugaban majalisar ya zama a 1957. Kuma kar a raina abin, dokar da ta soke aikin dole a Afrilu 1946 Houphouët-Boigny na Kodibuwa ne ya kawo ta yana depite, tambayi duk tsohon da kakanshi ya yi dakon kaya a ka zuwa bariki ya gaya maka me wannan ke nufi. Amma kujera 2 cikin sama da 600, kuma gwamna daga Paris ake turo shi, lokacin ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 kan ci gaba da zama ƙarƙashin inuwar Faransa da Djibo Bakary na Sawaba ya ce a ce a'a an ga wa ke da iko a ƙasa.

Faransa har yau wannan hanya take bi, ta ba su kujera. Gwadelup, Martinik, Giyan da Reyuniyon jihohin Faransa ne tun 1946, Mayot ta bi sahu a 2011 duk da Komor na cewa tata ce, sannan ga Polinezi, Nubel Kaledoni da wasu ƙanana masu ɗan cin gashin kai. Suna da depite 27 cikin 577 da sanata 21. Amfanin kujerar ya fito a batun maganin ƙwari da ake kira kulordekon, wanda aka yi ta fesa ma gonakin ayaba a Gwadelup da Martinik daga 1972 zuwa 1993 duk da Amurka ta hana shi tun cikin shekarun 1970, ya gurɓata ƙasa da ruwa, aka same shi a jinin sama da kashi 90 cikin 100 na manya. A 2019 kwamitin binciken majalisa ƙarƙashin Serge Letchimy, depiten Martinik, ya ce gwamnatin Faransa ce ta farko a alhaki. Iyakar kujerar kuma ta fito a Nubel Kaledoni. Yarjejeniyar Numeya ta 1998 ta taƙaita wa ke da ƙuri'a a zaɓen yankuna don kar baƙi su rinjayi 'yan ƙasa Kanak, an yi raba gardama kan 'yanci a 2018 da 2020 da 2021, ta ƙarshen masu neman 'yanci suka ƙaurace mata. Mayu 2024 majalisa a Paris, kilomita kusan 17,000 daga can, ta amince a faɗaɗa rajistar, 351 da 153, tsibirin na da depite 2 kacal a zauren. Gari ya kama da wuta, mutum 14 suka mutu, aka sa dokar ta ɓaci, dole Macron ya jingine gyaran. A nan majalisar ce da kanta ta kunna wutar.

Ingila ita ba ta ba da kujera. Tana da yankuna 14, Jibralta, Falklan da ta yi yaƙi da Ajantina a kansu a 1982, Bermuda, Kayman, Tsibiran Birjin, Sent Helena da sauransu, jama'arsu duka ba su kai 300,000 ba. Masu mutane suna da majalisunsu da faraministansu, amma gwamna daga Landan yake, tsaro da harkar waje a hannunshi, kuma ba su da depite ko ɗaya a majalisar Landan wadda ke da ikon yi musu doka. Ma'aikatar harkokin waje ke kula da su, shi ya sa kwamitin nan mai mutum 11 shi ne ƙofar da suke ƙwanƙwasawa. Wani lokaci tana buɗewa. A 2008 kwamitin ya binciki yankunan, mutanen Turks da Kaikos suka riƙa aiko da ƙorafi a ɓoye kan sayar da filayen gwamnati da cin hanci, kwamitin ya matsa sai an yi bincike, aka naɗa alƙali Robin Auld, faraminista Michael Misick ya sauka, Agusta 2009 Landan ta dakatar da gwamnatin tsibirin gwamna ya riƙe mulki har zaɓen Nuwamba 2012. Ka lura da maganin da aka ba su, an gano ɓarna amma an kwance musu zaɓaɓɓiyar gwamnati shekara 3.

Mu ma abin ya shafe mu ta fannin kuɗi. Takardun Panama na 2016 sun nuna fiye da rabin kamfanonin bogi da ke ciki a Tsibiran Birjin aka yi musu rajista, nan ne kuɗin sata na ƙasashe irin namu ke ɓuya. A 2018 depitoci biyu, Margaret Hodge ta Leba da Andrew Mitchell na Konsabatib, suka haɗa kai suka tilasta ma gwamnati saka wata aya da ta ce yankunan su buɗe rajistar masu kamfanoni ga kowa kafin ƙarshen 2020. Shugabannin tsibiran suka ce wannan mulkin mallaka ne tunda ba su da wakili a inda aka yi dokar, wa'adin kuma aka yi ta ɗaga shi. Ni dokar nake goyon baya amma ƙorafinsu ba shirme ba ne.

Mafi muni shine Cagos, tsibirai a tekun Indiya. A 1965 Ingila ta yanke tsibiran daga Moris kafin ta ba ta 'yanci a 1968, tsakanin 1968 da 1973 aka kwashe mutanen wurin kaf don Amurka ta gina sansani a Diego Garcia, babba daga cikin tsibiran. Da suka ci nasara a kotu a 2000, gwamnati a 2004 ta fito da umarnin sarauta da ya hana su komawa, irin umarnin da ba ya bi ta zauren majalisa sam, kotun ƙoli ta lokacin ta tabbatar da shi a 2008 da alƙalai 3 kan 2. Abin da ya motsa maganar daga waje ya zo, kotun duniya a Fabrairu 2019 ta ce yankewar ba ta halatta ba, babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya bi da ƙuri'a 116 kan 6. Ranar 22 ga Mayu 2025 aka sa hannu a mai da ma Moris ikon tsibiran, Ingila ta riƙe Diego Garcia haya shekara 99, sai a lokacin ne zauren Landan ya ɗau zafi, kuma yawancin hayaniyar a kan kuɗin hayar ne da tsoron Sin, 'yan Cagos ɗin da yawa suna cewa ba a zauna da su ba.

In kana son ka kai ma fadarku abin da ba mai musu a kai, nemi tsofaffin fitowar jaridar gwamnati ta dokoki na shekarun 2011 zuwa 2023. Ka ware duk dokar da take cewa an ba da izinin tabbatar da yarjejeniya, ka duba nawa ne majalisa ta yi muhawararsu tun farko nawa ne suka fara fitowa a ordonans lokacin hutu, sannan ka nemi guda nawa ne a ciki suka shafi zaman sojan waje. Ka rubuta ranar sa hannu da ranar ƙuri'a gefe da gefe a kowace. In ka gama ka turo mini, aikin memwar ne, wato kundin kammala karatu, mai kyau ga ɗan shekara ta uku.